Tafiyar Garwa Saboda Salak Ɗin Baba

Tun da na dawo daga Garwa ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta Tumfure ana yi, a ɗakin malamai na makarantar da nake koyarwa ana yi, har mai keken da ya ɗauko ni jiya sai da ya waiwayo ya ce, "Malam Bala, wai da gaske ganye ka kai asibiti Kamaru?" Na san Buba ne ya baza ni a gari, don da shi kaɗai muka tafi. To kafin ƙarin gishirinsa ya zama shi ne gaskiya, bari in faɗi nawa sau ɗaya kowa ya huta.

Mahaifina manomin lambu ne a Kwadon. Ya fi shekara arba'in yana tsayawa cikin ruwa tun asuba yana ban ruwan albasa da tumatir da salak. Ruwan ya ciyar da mu, amma ya ci masa gwiwoyi. Da sanyin ƙashi ya kai shi ga dafa bango, sai na ɗauko shi ya dawo wurina. Daga ranar Baba ya kwanta ya juya fuska bango. Abinci sai an yi da gaske, magana kuwa daga "to" sai "a'a". Likita ya ce in ban da gwiwa lafiyarsa ƙalau, ni kuwa ina gani yana ƙarewa a gabana. Na ji tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Da ma na ɗan karanta yadda ake noma ba tare da ƙasa ba. Sai na kwashe tarkacen ɗakin da ke jikin nasa, na jera manyan bututun roba a kan katako, na huhhuda su, kowace huda da shukar salak, saiwarta na lilo cikin ruwan taki. A ƙasa ga tanki, a cikinsa ɗan injin da ke tura ruwan ya zagaya ya dawo, a sama fitilu, a kan rufi sola. Ranar da Baba ya leƙo ya ce, "Wannan kuma wane shashanci ne? Shuka ba ƙasa?" na san na yi nasara, don ya yi wata uku bai jera kalma takwas ba. Washegari ya sa aka kai masa kujera ɗakin. Kafin sati biyu yana riga kowa tashi, yana tsince busasshen ganye, yana kushe aikina, yana cinye tuwonsa tas.

Sai bazara ta shigo. Salak ya fara langaɓewa, saiwar da take fara sol ta koma ruwan ƙasa, ga yauƙi, ga wari kamar kwata. Abin da ke faruwa shi ne, in ruwa ya ɗumama iskar da ke cikinsa raguwa take yi, saiwa ta shaƙe ta ruɓe. Ana son ruwan ya tsaya wajen digiri ashirin. Na sayi ma'aunin zafi, na riƙa daskarar da ruwa a robobi. Da safe in jefa shida a tanki, in auna in ga goma sha tara, in tafi aiki. Da yamma in cire narkakku in zuba sababbi, in auna in ga ashirin da ɗaya. A littafina komai daidai, amma daga shuka sittin muka dawo goma sha bakwai. Baba kuma ya fara komawa gado. Wata rana ya ce mini, "Bar su, Bala. Abin da aka raba da ƙasarsa ba ya daɗewa." Ban iya cin abinci ba ranar.

Buba taubashina ne, ɗan kawuna, yana sayar da atamfa a babbar kasuwa, yana kuma zuwa Garwa fatauci. Shi ya ce akwai wata mata a can, Adda Hawwa, mai irin wannan noman, kuma salak ɗinta ba ya sanin bazara. "Garwa ta fi Gombe zafi nesa ba kusa ba," in ji shi. "In ta iya a can, kai ma da kake malamin makaranta wataƙila a dace ka gane." Ya kira ta, ta ce ita ba ta koyar da noma a waya, mai so ya zo ya gani. Ranar da aka ba da hutu muka kama hanya.

Ni kuma na ce ba a zuwa wurin mai magani a bar majinyaci a gida. Na zaɓi shuka ɗaya mai sauran kuzari, na roƙi matata Rabi ta ara mini kular da take kai abinci gidan biki. Ta ba ni bayan ta sa na rantse zan dawo da ita. Na cika ta da ruwan tanki, na rufe da kwali mai huda, ganyen na leƙowa ta sama. Ma'aunin zafin kuwa na ɗaura masa zare na rataya a wuya.

A tasha aka fara. Kwandasta ya ce a sa kula a but, na ce sam, a cinyata za ta zauna. Ya dube ni ya dubi ganyen, ya tambayi Buba a hankali ko asibitin Yola zai kai ni. Buba, Allah ya shirye shi, ya ce, "E, amma ba ya duka in ba a taɓa masa ganye ba." Nan take mutumin da ke gefena ya matsa, na samu wuri har da na miƙe ƙafa. Wannan ne kaɗai amfanin da na ci daga bakin Buba a duk tafiyar.

Duk inda mota ta tsaya, Kumo ne, Billiri ne, mutane na neman abin ci, ni ina neman fiya wata mai sanyi in cusa a gefen kula. In tsoma ma'auni, in duba, in yi tsaki ko in yi hamdala. Wata dattijuwa da ta shiga a Kaltungo za ta Numan ta zauna bayana, ta leƙo ta kafaɗata ta tambayi labari. Na yi mata bayani tiryan-tiryan, har da zancen iska da saiwa, tana gyaɗa kai. Da hanya ta miƙe barci ya ɗan sace ni. Ina farkawa na ga ganye uku sun yi ƙafa, ita kuma tana tauna da ƙuli-ƙuli a hannu.

"Mama!" na ce.

"Ɗana, ganyenka akwai laushi," ta ce. "Waɗanda suka fara yaushi na cire maka. Ai mu ma muna da lambu."

Na duba, wallahi gaskiyarta, raunanan ta ɗauke. Ba yadda na iya, na karɓi ƙulin da ta miƙo mini na ce na gode.

A Jimeta muka kwana gidan wani abokin cinikin Buba. Mutumin kirki ne, bai yi tambaya ba ko da na roƙi a fitar da lemon yara daga firji a sa mini kulata na ɗan lokaci. Matarsa dai na ji tana tambayar Buba da Fulatanci ko na daɗe a haka. Ta ɗauka ba na ji, alhali uwata Bafulatana ce.

Da safe muka shiga wata tsohuwar mota da ake tura ta kafin ta tashi, muka nufi iyaka. Rana ba ta yi tsaka ba muka isa. Takardunmu lafiya lau, aka buga mana hatimi. Har na ɗauki kula zan wuce sai wani ma'aikaci dogo mai fara'a ya ce in buɗe. Ya ɗaga kwalin, warin saiwa ya buge shi, ya ja da baya.

"Mene ne wannan?"

"Salak ne, ranka ya daɗe."

"Na ga salak. Ina za shi?"

"Za a duba shi ne a Garwa."

Ya kira abokin aikinsa ya zo ya taya shi ji. Sannan ya yi mini bayani cikin mutunci cewa shuka mai saiwa ba ta ƙetare iyaka sai da takardar da ta nuna ba ta da cuta, wannan kuwa ko makaho ya shaƙa ya san tana da ita. Gaskiyarsa, don cutar ce ma ta kawo mu. Na yi roƙo, na kawo zancen Baba, ya tausaya amma ya ce doka ce.

Buba ya ce, "To in a ciki take fa?"

Ma'aikacin ya ce abin da ke cikin mutum nasa ne, ba ruwan hukuma.

Haka Buba ya je wurin mai shayi ya sayo burodi da kifin gwangwani. Na ɗauki hoton saiwar ta kowane gefe, na juye ruwan a gindin wata dalbejiya, muka zauna kan benci muka cinye majinyacin. Ganyen da na yi kwana da yini ina yi wa fifita, Buba ya gama da rabonsa a loma huɗu yana cewa da akwai albasa da ya fi. Na ci nawa raina a ɓace, amma gaskiya ya yi daɗi.

Garwa kuwa, abin da aka faɗa game da zafinta ba a faɗi rabi ba. Iskar da ke bugun mutum a kan babur kamar daga bakin tanda take fitowa. Muka sauka gidan fatoman Buba, wato mai masaukin fatake, aka ba mu ɗaki mai fanka wadda aikinta kawai ta kwaso zafin rufi ta sauko mana da shi. Abin da ya fara ba ni mamaki burodinsu ne, dogo kamar sanda, ba leda ba takarda, mutum ya saƙale shi a hammata ya hau babur da shi cikin wannan gumin. A Gombe in ka kawo wa Rabi burodi a hammata, kai da shi za ku kwana a waje.

Da yamma aka kawo mana salak da tumatir a faranti shi kaɗai. Na zauna ina jiran shinkafa ko ƙuli a kwaɗa, shiru. Ashe su sai an cinye wannan ake kawo abinci, matan gida na can suna jiran farantin, ni ina nan ina jiran su. Sai da fatoma ya tambaya ko ba na cin ganye ne, Buba ya ce ai ɗazu ma a iyaka na ci har da hawaye. Daga baya aka kawo gasasshen kifi da wani tuwon rogo da ake naɗewa a ganye a ɗaure da zare. Ba wanda ya ce mini kwancewa ake yi, sai da na yi fama da zare a haƙori.

Washegari da hantsi muka je wurin Adda Hawwa. Na zaci zan ga babbar mace da injuna masu ƙugi. Sai ga 'yar ƙaramar dattijuwa da tabarau, tana jin Hausa sarai. Ta kai mu ɗakin, na ga salak layi-layi, kore shar, kowane kamar a yi masa hoto. Ta zaro ɗaya ta nuna mini saiwa fara tas. Na duba kusurwa huɗu, ba firji, ba ƙanƙara, ba ma tanki.

"Adda, ina tankin?"

Ta buga ƙafa a kan wani katako da muke tsaye a kai. Ta ɗaga shi, sai ga ƙaton tanki binne a ƙasa har wuya. Na tsoma ma'aunina, ana tsakiyar wannan zafi, ya nuna ashirin da uku. Na girgiza shi na sake tsomawa, bai canja ba. Ta ce ƙasa ba ta saurin ɗumama, ruwa mai yawa ma haka. Bututunta duk ta shafe su da farin fenti ta naɗe da buhu. Injin tura ruwa a waje yake, ba cikin tanki ba, don shi ma in yana aiki zafi yake yi, ni kuwa na jiƙa nawa a ciki yana dafa mini ruwa. Ga wani ɗan inji yana hura kumfar iska a ruwan. Fitilu kuwa a kashe suke da rana, sai yamma ta kunna su har safiya.

Na nuna mata hotuna da littafina, ina ɗan taƙama da yadda na tsara shi. Ta karanta ta cire tabarau.

"Yaushe kake aunawa?"

"Safe da yamma, bayan na sa ƙanƙara."

"Bayan?" ta ce. "Kai malamin makaranta ne, ko? Kana ba yara amsa kafin ka yi musu jarrabawa?"

Buba ya yi dariya har ya dafa bututu, ta buge masa hannu.

"Da azahar fa, nawa yake kaiwa?"

Na ce ban sani ba, ba na gida a lokacin.

"Wa ke gida?"

Na ce matata da mahaifina. Ta ce to mu sha shayi mu jira ƙarfe biyu, in kira gida a auna. Da lokaci ya yi na kira Rabi, na ce ta ɗauki ɗaya ma'aunin da ke kan taga ta tsoma. Ta daɗe kafin ta dawo, ta ce talatin da ɗaya.

"Talatin da me? Ba ki sa ƙanƙarar ba ne da safe?"

"Na sa, Malam."

"To ina take?"

Na ji ta fita tsakar gida ta rage murya.

"Malam, don Allah kar ka ce ni na faɗa. Kullum kana fita Baba yake sa ni in tsame robobin in jera a bayan ƙofa. In la'asar ta yi ya ce in mayar kafin ka dawo. Kai kuma ko Lahadi ba ka yini a gida, balle ka gani."

"Saboda me?"

"Ya ce shi ya san abin da ruwan sanyi ke yi wa ƙafa. Wai ba zai zauna yana kallo a tsoma shukokin a ƙanƙara tun suna yara ba."

Na kashe waya na rasa ko dariya zan yi ko kuka. Buba bai sha wannan wahalar ba, dariya ya zaɓa, har da zama a ƙasa. Adda Hawwa kuwa da na mayar mata ba ta yi dariya ba. Ta ce tsohon bai yi kuskure duka ba. Shuka ta fi jure ruwan da ya tsaya a ashirin da huɗu kullum, a kan wanda zai faɗo goma sha tara da safe, ya hau talatin da rana, ya sake faɗowa da yamma. Ko da bai cire ba, roba shida ba za ta kai azahar ba a ƙaramin tankina. "Kai kana jefa su a sanyi, shi yana barin su a zafi," ta ce. "Ku biyu kuka haɗu kuka kashe su, kowa da kyakkyawar niyya." Ta koya mini yadda zan wanke bututu in yanke ruɓaɓɓiyar saiwa, ta ƙi karɓar ko sisi, ta ce in gaida tsohon.

Dawowa ba wani labari, in ban da cewa Buba ya cika kular Rabi da busasshen kifi, har yau tana wankewa tana yi masa Allah ya isa. Ni dai tun daga iyaka har Gombe abu ɗaya nake juyawa a raina, yadda zan yi wa Baba magana ba tare da na kunyata shi ba. In ya ji cewa hannunsa na cikin mutuwar shukar, na san ba zai sake taka ɗakin ba.

Na iso bayan la'asar. Saura shuka tara. Baba na kwance, fuska a bango. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa bai juyo ba.

"Baba, matar tana gaishe ku. Ta ce ƙanƙarata ce ke wahalar da su. Ta ce wanda ya san shuka ba zai sa mata ƙanƙara ba."

Sai ya juyo.

"Ita ta faɗi haka?"

"Ita ta faɗa."

"Mace mai hankali," ya ce.

"Ta ce a binne tanki a ƙasa. Ni kuma ban san inda ƙasa ta fi sanyi a ɗakin ba."

Ya dube ni kamar na ce ban san alƙibla ba. Ya ce in miƙo masa sandarsa. Ya shiga ɗakin yana dafa bango, ya taɓa nan ya taɓa can da tafin hannu, ya nuna kusurwar da rana ba ta dukan bangonta, ya ce nan. Washegari masu haƙa suka zo, yana kan kujera yana ba da umarni, ya sa suka ƙara zurfi sau biyu. Da suka fita cin abinci muka rage ni da shi.

"Bala," ya ce, "robobin nan naka, ni nake sa a cire."

"Na ji, Baba."

"A ina ka ji?"

"A Garwa."

Ya riƙe haɓa yana kallona. "Wato sai da ka ƙetare ƙasa ka ji abin da ake yi a ɗakin da ke jikin naka. Ka kawo mini bututu, ka kawo fitila, ka kawo wannan abin da kake ratayawa a wuya. Da ka zauna da ni yini ɗaya ka tambaye ni, da kuɗin mota ya huta."

Maganar ta yi mini zafi, don gaskiya ce. Wata huɗu ina hidimar ɗakin, ban taɓa zama a cikinsa na awa ɗaya tare da shi ba. Na ce ya yafe mini. Ya ce in daina surutu in jawo buhu in zauna, zai nuna mini yadda ake gane shukar da za ta tashi da wadda ba za ta tashi ba.

Sauran kwanakin hutun duk a kan buhun nan na yi su. Cikin taran nan, shida suka fitar da sabuwar saiwa fara, kuma ya faɗi waɗanda za su yi tun kafin su yi. Yanzu ma'aunin a hannunsa yake, shi ke aunawa da azahar, ko da yake ya ce yatsansa ya fi shi gaskiya. Mun yi sabon dashe makon jiya. Wanda ya ga na rage zuwa majalisa, to ga dalili. Mai sauran tambaya ya same mu a gida bayan la'asar, amma ya zo da wurin zamansa, don buhun ɗaya ne kuma Baba ya ce nawa ne.